KAMA DA WANE BA TA WANE: MU DAINA SHAIDA MANHAJA DA SUNANTA

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kakanninmu sun yi wannan magana ne a kan mutane da dabbobi da kayan kasuwa, tun ba a san za a ƙago wani abu wai shi kwamfuta ba, amma a ganinmu babu inda ta fi dacewa a yau kamar a kan ƙunshin manhajar da muke ɗura wa kwamfutocinmu da wayoyinmu dare da rana. Ɗalibi zai karɓi filash daga hannun abokinsa, ya ga fayil ɗauke da sunan manhajar da yake nema, ya danna. Ma'aikaci a ofis zai aika a kirawo mai gyara, mai gyara ya zo da nasa filash, ya zuba abin da zai zuba, ya karɓi ladansa ya kama gabansa. In aka tambayi ko wannensu yadda aka yi ya san wannan ita ce ainihin manhajar da masu ita suka fitar, amsar ba za ta wuce guda ba: ai ga sunanta nan a jiki. Alhali kuwa sunan fayil abu ne da yaron firamare zai iya sakewa kafin ƙiftawa da bismilla.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, a cikin waɗannan kwamfutoci ne sakamakon jarrabawarmu yake, da takardun albashin ma'aikata, da bayanan majinyata, da lissafin kuɗin jama'a. Duk manhajar da aka girka a kwamfuta an ba ta iznin shiga ko'ina a cikinta ke nan, kamar baƙon da aka danƙa wa makullan gida. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da ɗalibai da ma'aikata za su daina shaida manhaja da sunanta ko da fuskar wanda ya kawo ta, su koma shaida ta da zanen yatsanta.

MENE NE ZANEN YATSAN FAYIL?

Kowane fayil, ko manhaja ce ko hoto ko wasiƙa, a wurin kwamfuta jerin sifili da ɗaya ne kawai. Masana lissafi sun ƙago wata dabara wadda za a ɗauki wannan jeri duka, komai tsawonsa, a niƙa shi a dama shi, a fitar da wata gajeriyar lamba mai tsawo guda wadda ba ta raguwa ba ta ƙaruwa. A bakin masu sana'ar sunan wannan lamba hash, mu kuwa za mu kira ta zanen yatsan fayil, domin aikinsu ɗaya da dangwalen da akan yi a takardar shaida. Dabarar da aka fi amfani da ita a yau sunanta SHA-256, wadda hukumar ma'aunai ta ƙasar Amurka, watau NIST, ta tabbatar a shekarar 2002. Lambar da take fitarwa haruffa da alƙaluma 64 ce, ko fayil ɗin kalma ɗaya ce, ko kuwa ya kai cikin ɗakin karatu na jami'a.

Abubuwa uku ne suka ba wannan lamba daraja. Na farko, fayil iri ɗaya lamba iri ɗaya yake bayarwa, ko a Zariya aka lissafa ko a Tokyo, ko yau ko baɗi. Idan aka ba SHA-256 haruffan nan uku, abc, ba tare da ƙarin komai ba, lambar da za ta fito za ta fara da ba7816bf ta ƙare da f20015ad, a kowace kwamfuta a duniya. Na biyu, in aka taɓa ko da ɗigo ɗaya ne a cikin fayil, lambar za ta birkice gaba ɗaya, har mai dubawa ba zai ga wata dangantaka tsakanin tsohuwar da sabuwar ba. Na uku, wanda shi ne ƙashin bayan al'amarin, babu wata hanya da aka sani wadda mugu zai bi ya ƙera wani fayil dabam da zai ba da lamba irin ta na gaskiya. Yawan lambobin da SHA-256 za ta iya fitarwa adadi ne mai alƙaluma 78, saboda haka mai neman ya dace ta hanyar canki-canki, duniya za ta tashi bai gama ba.

Ma'anar wannan ita ce, idan masu manhaja suka ce zanen yatsan ƙunshinsu kaza ne, mu kuma muka lissafa na fayil ɗin da ke hannunmu muka ga sun zo daidai, to mun tabbata abin da ke hannunmu shi ne nasu, ba ragi ba ƙari. In suka saɓa, to ko dai fayil ɗin ya lalace a hanya, ko kuwa wani ya sa masa hannu. Ko wanne ne daga ciki, ba abin girkawa ba ne.

ABIN DA YA FARU GA WAƊANDA SUKA DOGARA DA SUNA

Kada wani ya ɗauka tsoratarwa ce kawai irin ta 'yan boko. A watan Satumba na 2015 aka bankaɗo wata ɓarna a ƙasar Sin wadda ya kamata ta zama darasi gare mu fiye da kowa. Kamfanin Apple yana da wata manhaja mai suna Xcode, wadda da ita ake ƙera manhajojin wayar iPhone. Ƙunshin yana da nauyin gaske, kuma sauke shi daga rumbun kamfanin yana cin lokaci ga mutanen Sin, sai waɗansu masu ƙera manhaja suka riƙa ɗauko shi daga rumbunan cikin gida da suka fi sauri. Ashe wani ya riga ya ajiye jabu a can, mai suna iri ɗaya da kama iri ɗaya, sai dai duk manhajar da aka ƙera da shi tana fitowa da ƙwayar cuta a ciki. Ta haka gurɓatattun manhajoji, har da WeChat wadda ɗaruruwan miliyoyin mutane ke amfani da ita, suka shiga kantin Apple. Takardun kamfanin da suka fito a gaban kotu a 2021 sun nuna mutum miliyan 128 ne suka sauke irin waɗannan manhajoji. Waɗanda suka jawo wannan ba jahilai ba ne, ƙwararru ne masu cin abinci da sana'ar. Abin da ya kayar da su shi ne jinkirin intanet da dogara ga suna, kuma duk wanda ya taɓa zama yana kallon datarsa tana ƙarewa fayil bai kai rabi ba ya san wannan jarraba.

Sa'an nan ga misalin abin da mutum ɗaya mai lura zai iya yi. A watan Nuwamba na 2019 ɓarayi suka kutsa shafin masu kuɗin intanet ɗin nan da ake kira Monero, suka musanya ƙunshin manhajar da wani mai satar mabuɗin asusun mutane. Wanda ya tona asirin wani mai amfani da manhajar ne, wanda ya sauke ta, ya lissafa zanen yatsanta, ya ga bai zo daidai da wanda aka buga ba, ya kai ƙara. Aikin da bai ɗauke shi minti biyu ba shi ya sa aka cire jabun, dukiyar mutane da yawa ta tsira.

KADA A BAI WA KURA AJIYAR NAMA

Amma akwai sharaɗi, kuma wanda bai san shi ba zai yi aikin banza yana zaton ya tsira. Zanen yatsa ba ya amfani sai an samo shi daga wurin da aka amince da shi. Ranar 20 ga Fabrairu, 2016, wani ya kutsa shafin Linux Mint, ya karkatar da masu saukewa zuwa wani ƙunshi da ya buɗe wa ɓarauniyar hanya. Bai tsaya nan ba: kamar yadda shi da kansa ya gaya wa wani ɗan jarida daga baya, har lambar shaidar da ke shafin ya canza ta dace da jabun nasa, yana mai izgili cewa ai ba mai dubawa. Idan fayil da lambarsa duk a shafi ɗaya suke, wanda ya mallaki shafin ya mallake su duka biyu.

Maganin wannan kuwa an daɗe da samo shi, watau hatimin lissafi. Masu manhaja suna da mabuɗi na sirri wanda da shi suke buga hatimi a kan takardar da ke ɗauke da lambobin, kowa kuma yana iya tabbatar da hatimin da wani mabuɗi na fili da suka raba wa duniya, amma ba mai iya ƙirƙirar hatimin sai su. Dubi yadda ƙungiyar Debian take yi, wadda ke rarraba dubban ƙunshin manhaja kyauta. Kowane ƙunshi an rubuta zanen yatsansa a cikin wani babban jadawali. Shi kansa jadawalin an rubuta nasa zanen yatsan a wata 'yar takarda. Ita kuma 'yar takardar an buga mata hatimi. Da kwamfuta ta zo girka wani abu, sai ta duba hatimin, ta duba jadawalin, ta duba ƙunshin, in aka sami saɓani a ko'ina ta ƙi girkawa. Saboda wannan sarƙa ne Debian ke iya barin jami'o'i da kamfanoni a ƙasashe barkatai su ajiye kwafin rumbunta suna raba wa jama'a, ba tare da ta san zuciyar mai kula da kowane rumbu ba.

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin nan ne ribar take ga mutane irinmu. Mu al'umma ce mai raba manhaja hannu da hannu, daga filash zuwa filash, daga waya zuwa waya, a ɗakunan kwana da shagunan kasuwar waya, saboda data tana da tsada kuma layi ba ya da tabbas. Masu wa'azin tsaron kwamfuta sukan ce kada a karɓi manhaja sai daga shafin masu ita, wannan kuwa shawara ce ta wanda bai taɓa ƙirga megabayit ba. Zanen yatsa shi ne ya raba wannan gardama. Mutum ɗaya ya sauke babban ƙunshin, ajin duka su kwafa, kowa kuma ya shiga shafin masu manhajar ya ɗauko haruffa 64 kacal, waɗanda ba su kai nauyin saƙon gaisuwa ba, ya gwada da abin da aka ba shi. Ba sai ka zargi abokinka ba, ba kuma sai ka amince da shi ido rufe ba. Ɗan aike ko wane ne shi, in wasiƙa ta iso da hatiminta ba a ɓalle ba, an gama magana.

AMSA GA MASU JAYAYYA

Waɗansu za su ce wannan aikin masana ne, ina ruwan akawu ko ɗalibin tarihi da shi? Muna tunatar da su cewa tun 2010 hukumar NAFDAC ta fito da tsarin kankare jikin kwalin magani a aika da lambar ta saƙon waya don a san na gaske ne ko jabu, kuma tsofaffin da ba su yi boko ba sun koya. Gwada zanen yatsa bai fi wannan wuya ba, kuma ba a sayen kayan aikinsa, suna nan cikin kwamfutar tun daga masana'anta. Mai Windows zai buɗe PowerShell ya rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin. Mai Linux zai rubuta sha256sum. Mai kwamfutar Apple zai rubuta shasum -a 256. Abin kula ɗaya shi ne a gwada lambar duka, kada a dubi haruffa huɗu na farko a ce ai shi ke nan.

Waɗansu kuma, masu ɗan sani a fannin, za su ce ai an sha karya irin waɗannan dabaru. Gaskiya ne, kuma ya kamata a san waɗanda aka karya. MD5, wadda Ronald Rivest ya ƙago a 1991, mai haruffa 32, ta faɗi a 2004 lokacin da Wang Xiaoyun da abokan aikinta a ƙasar Sin suka nuna fayil biyu mabambanta masu lamba ɗaya. A 2012 aka gano wata muguwar manhajar leƙen asiri mai suna Flame, wadda ta yi amfani da raunin MD5 ta ƙirƙiri takardar shaida ta jabu, ta riƙa shiga kwamfutoci a Gabas ta Tsakiya da sunan gyara daga kamfanin Microsoft. SHA-1, mai haruffa 40, ita ma ta bi sahu a watan Fabrairu na 2017, sa'ad da masana na cibiyar CWI a birnin Amsterdam tare da kamfanin Google suka fito da takardu biyu masu lamba ɗaya, bayan lissafin da in kwamfuta ɗaya ce za ta yi shi sai ta shekara 6,500. NIST ta ba da wa'adi a daina amfani da SHA-1 kafin ƙarshen 2030. Amma wannan tarihi hujja ce a gare mu. Masana ne suka karya waɗannan dabaru a bainar jama'a, suka yi shela, aka sauya. SHA-256 kuwa ta haura shekara ashirin ana kai mata hari ba wanda ya fito da fayil biyu masu lamba ɗaya. Don an taɓa fasa tsohon kwado ba a barin ƙofa a buɗe, sabon kwado ake sayowa. Darasin dai shi ne, in aka ba ka lamba mai haruffa 32 ko 40 ka nemi mai 64.

Jayayya ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Zanen yatsa yana gaya mana cewa fayil ɗin shi ne wanda masu shi suka fitar, amma ba ya gaya mana cewa abin da suka fitar lafiyayye ne. A 2017 aka gurɓata manhajar CCleaner tun daga cikin kamfanin, ta fito da hatiminta na gaskiya, ta shiga kwamfutoci miliyan 2.27. A 2020 aka gano an yi wa kamfanin SolarWinds irin wannan, abokan cinikinsa wajen 18,000 suka girka gurɓataccen ƙunshi, ɓarnar ta kai har ma'aikatar kuɗi ta Amurka. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa a kwamfutarsa, ya bi diddigi, ya tarar an dasa ɓarauniyar hanya a cikin manhajar xz, kuma wanda ya dasa ta ɗaya ne daga masu kula da ita, wanda ya shafe kusan shekara biyu yana aiki tuƙuru har aka sakankance da shi. A duk waɗannan, da an gwada lamba da ta zo daidai, domin dafin a tukunya aka zuba shi tun abinci bai bar madafa ba.

To, mun yarda zanen yatsa ba ya maganin kowace cuta. Amma ko a waɗannan lokuta, bayan asiri ya tonu, lambobin gurɓatattun fayilolin ne masu bincike kan buga, domin kowane ofis ya duba ko mugun ƙunshin ya shiga gidansa. Akwai ma shafi mai suna VirusTotal inda mutum zai liƙa lambar fayil ya ga ko an taɓa kama shi da laifi, ba tare da ya aika da fayil ɗin ba. Ofishin da ya rubuta zanen yatsan duk abin da ya girka zai amsa wannan tambaya cikin awa ɗaya. Wanda bai rubuta ba sai ya yi ta lalube a duhu. Bugu da ƙari, tun wajen 2013 mutanen Debian da waɗansu suke aikin tabbatar da cewa duk wanda ya ɗauki rubutun asali na manhaja ya harhaɗa da kansa zai sami fayil mai lamba iri ɗaya da wanda aka rarraba, domin ko a madafar ma a sami masu sa ido. Wannan gyara ma a kan zanen yatsa aka gina shi.

KIRA GA 'YAN'UWA

Duk ma'aikacin da ya taɓa shiga sito na gwamnati ya san ba a karɓar mota a rubuta "farar mota guda ɗaya" a rufe littafi. Sai an rubuta lambar inji da lambar jiki, domin gobe kada a musanya ta da wata farar. Janareta ma haka, keken ɗinki ma haka. Abin mamaki ne a ce manhajar da ke riƙe da albashin ma'aikata dubu ta shiga ofis da shaidar da ba ta kai ta keken ɗinki ba. Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kowace ma'aikata da kowane sashe na jami'a su buɗe littafin manhaja, inda za a rubuta sunan duk ƙunshin da aka girka, da inda aka samo shi, da ranar, da zanen yatsansa, da sunan wanda ya gwada. Na biyu, duk ɗan kwangilar da zai kawo wa gwamnati manhaja a shar'anta masa ya kawo lambar SHA-256 ta kowane fayil a rubuce cikin takardar miƙa kaya, kuma kada a sa hannu a biya shi sai an gwada. Hukumar NITDA da Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati su ne suka fi cancanta su tsaya a kan wannan. Na uku, cibiyoyin kwamfuta na jami'o'inmu su ajiye rumbun manhajojin kyauta da ɗalibai suka fi bukata, waɗanda aka riga aka tantance, a manna lambobinsu a allon sanarwa, kowa ya zo da filash ya ɗiba. Na huɗu, a sa wannan darasi cikin kwas ɗin kwamfuta na shekarar farko wanda kowane ɗalibi ke yi. Awa guda ta isa.

Mu kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata, kada mu zauna jiran takardar umurni daga sama. Mu ne muke zaune gaban waɗannan kwamfutoci, mu ne ake miƙo wa filash, kuma in ɓarna ta auku mu ne za a fara kira a tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa sau da yawa ba ta wuce minti biyun da wani ya ga ba zai iya ɓatawa ba. Duk wanda ya ba ka manhaja, ka yi masa godiya, sa'an nan ka tambaye shi lambarta. In ya ce bai san da ita ba, ka koya masa. In ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce masa ko kuɗin da uba ya ba ɗansa akan ƙirga.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.